Ƙwallon yazawa: in sayar ɗanye ko mu fasa a gida?

Manomin Keffi: Assalamu alaikum. Na tara buhu shida na ƙwallon yazawa. Mai ɗakina ta ce mu fasa da kanmu mu sayar da tsabar, ya fi riba. Ba mu da inji, kuma man ɓawon nan nake tsoro. Wa ya taɓa yi?

Ɗan Anyigba: Sayi injin fasawa kawai.

Maman Ummi: Malam, kar ka bari yara su kusanci wurin. Bara na soya shi a kasko, man ya kama da wuta, hayaƙin ya shiga min ido da maƙogwaro. Da na zauna fasawa, yatsuna suka yi baƙi, suka yi bororo, fatar ta riƙa saɓulewa. Ko alwala da kuka nake yi. Wanda ya ba ni aikin kuma ya zaftare kuɗina, wai tsabar ta farfashe. Allah ya isa.

Ticha: Sannu Maman Ummi. Sinadaran da ke cikin man su ne anakadik asid da kadol. Kowanne a ƙirarsa yana da doguwar jela mai maiƙo ta ƙwayoyin sinadarin kabon guda 15, shi ya sa yake manne wa fata, ruwa zalla ba ya wanke shi. Yazawa dangin mangwaro ce, wanda ƙaron mangwaro ke sa wa ƙaiƙayi ya yi hattara. In an dafa man, asid ɗin yana komawa kadanol, wanda ake haɗa fenti da takalmin birki da shi.

Ɗan Anyigba: Ticha, ka taɓa fasa ko ƙwallo ɗaya? Mu man gyaɗa muke shafawa, mu barbaɗa toka.

Ticha: Tokar ba ta tare hayaƙi. A sa safar hannu ta roba, a soya a fili.

Auta: Mu da muka rubuta sunanmu a dantse da man nan muna firamare, ashe masana ne!

Manomin Keffi: To nawa ake sayen ɗanyen?

Ɗan Anyigba: Nan Kogi kilo ya haura naira 1,500.

Baban Hanifa: Ina? Ni 1,100 aka saya min. Dillalin ya ce da laima, ya cire kilo uku a buhu, da sikelinsa. Su kwashe zuwa Legas, a loda wa Biyetnam da Indiya, can a fasa, a tatse man ma a sayar.

Maman Ummi: Sikelin nan nasu shi ne babbar cutar. Wa yake duba shi?