Osiloskof: wane suna za mu raɗa masa?

1/ 'Yan uwa masu gyaran rediyo da talabijin, ku matso. Na'urar nan mai zana siffar siginar lantarki a allo, wadda Turawa ke kira oscilloscope, har yau ba ta da tsayayyen suna a bakinmu. Wani ya ce osiloskof, wani ya ce mita mai allo.

2/ Kafin a raɗa suna, a ga jaririn. Ku ɗauki tsohuwar Tektronix 465 ta 1972, wadda mariƙinta ke lanƙwasowa ya zama ƙafar jingina ta. A cikinta akwai kwalba irin ta tsohuwar talabijin, jikar wadda masanin kimiyya Bajamushe Karl Ferdinand Braun ya ƙera a 1897. Ɗigon haske ne ke gudu daga hagu zuwa dama, ƙarfin lantarkin da ka jona kuma yana ɗaga shi ko ya sauke shi. Allon gida 8 ne a tsaye, 10 a kwance. Maɓalli ɗaya na tsayar da bolt (awon ƙarfin lantarki) nawa ne kowane gida a tsaye, wani kuma tsawon lokacin kowane gida a kwance. Sigina biyu take nunawa tare, har megahaz 100, wato zagaye miliyan 100 a sakan ɗaya.

3/ Don haka ban yarda a ce mata "ma'aunin lantarki" ba. Wannan sunan mita ne, kuma mita lamba kawai take ba ka. Wannan kuwa siffa take nunawa: inda siginar ta karkace, inda ƙara ta shige ta. Awon ma kai za ka yi, ta ƙirga gidaje da ido.

4/ "Ma'aunin igiya" fa? Duk wanda ya ji, waya zai zata. "Zango" kuma rediyo ta riga ta kama shi, gajere da matsakaici.

5/ Nawa zaɓin shi ne madubin sigina. Muna da madubin likita, wanda ba fuska ake kallo a cikinsa ba, abin da ido bai iya gani yake fito da shi. Tsohuwar sai a ce madubin sigina mai kwalba, a bambanta ta da ta dijital.

6/ Saura maɓallin da ke sa kowane zagaye ya tashi daga wuri ɗaya, wanda in babu shi zanen yawo zai yi ta yi a allo. Turawa sunan kunamar bindiga suka ba shi. Malamai, mu ce kunama, ko matsayar zane?