Abin da 'yan'uwa mazauna Jidda da Makka suka ce kan littattafan da manya za su karanta

Jama'a, maganar ta yi tsawo, ga abin da na tattaro:

1. Kusan kowa ya yarda a fara da "Maimuna" na Mahmud Tarawri. Labarin iyali ne da suka taso daga Afirka ta Yamma zuwa Hijaz, irin hanyar da kakanninmu suka biyo a ƙafa. Wata baiwar Allah ta ce sai da ta ajiye shi ta yi kuka. Ni ma shi zan sa a gaba.

2. "Tauƙul Hamam" na Raja Alim, wanda ya ci kyautar ƙagaggun labaran Larabci ta duniya a 2011. Ya nuna tsofaffin lungunan Makka da ake rushewa. An yaba shi, sai dai da yawa sun ce Larabcinsa da nauyi, a bi shi a hankali.

3. Kan "Tarmi bi Sharar" na Abdu Khal, mai kyautar 2010, aka rabu biyu. Wasu sun ce ya faɗi gaskiyar talakan Jidda, wasu kuma sun ce rashin kunyar ta yi yawa, kada a bar shi inda yara suke.

4. Masu son tarihi sun kawo "Mautun Sagir" na Muhammad Hasan Alwan, kan rayuwar Ibn Arabi, shahararren malamin Sufaye.

5. Na gida kuwa, "Alhaki Kuykuyo Ne" na Balaraba Ramat Yakubu. Samunsa a nan da wuya, sai a yi wa masu zuwa Umara saƙo su taho da shi daga Kano.