Malaman lissafi ku zo, me za mu riƙa ce wa desimal da Hausa?

Salamu alaikum malamai, musamman 'yan uwana masu riƙe da aji huɗu da biyar na firamare. Akwai kalmar da nake so mu tsayar yau, wato desimal. Firakshan dai ba rigima sosai, wasu na cewa ɓangare wasu na cewa kaso, ni kaso nake cewa don yaro ya riga ya san a kasa abu kashi uku a ba shi kashi ɗaya. Desimal ɗin ce har yanzu kowa da abin da yake faɗa a ajinsa.

Mafi yawanmu lamba mai ɗigo muke cewa, kuma ba daga sama muka ɗauko ba, haka ake karantawa a labaran rediyo, biyu da ɗigo biyar. To amma wallahi wannan sunan yana cutar yara, don siffar abin kawai ya faɗa bai faɗi ko mene ne shi ba. Ka rubuta 0.5 da 0.25 a allo ka ce wanne ya fi yawa, za ka ga hannuwa sun tashi ana cewa na biyun, ai malam ashirin da biyar ta fi biyar, kuma ba laifinsu ba ne tunda mu muka karanta musu sifili ɗigo ashirin da biyar, ba wanda ya ce musu kashi 25 ne cikin 100 shi kuma ɗayan kashi 50 ne cikin 100, wato rubu'i da rabi ke nan da suka sani tun a gida.

Sannan wani malami daga Maraɗi ya tuna min cewa su a Nijar ba ɗigo suke sawa ba, waƙafi ne irin na Faransa, 0,5. Kun ga ke nan sunan ko iyaka ba zai tsallake ba.

Wani kuma ya kawo shawarar ushuri, kuma gaskiya ta burge ni. Larabawa ma daga tushen goma suka ciro nasu sunan, mu kuma kalmar tana bakinmu tuntuni ta wajen zakkar amfanin gona, dami ɗaya cikin goma in ruwan sama ne ya shayar, rabin haka in ban ruwa aka yi. Sai dai ushuri ɗaya bisa goma ne cak, 0.1, in muka shimfiɗa shi a kan duka lambobin za mu rikita yaron da ke zuwa Islamiyya da yamma. Shawarata a bar shi ya zama sunan gida. Gidan farko bayan ɗigo gidan ushuri, na biyu ushurin ushuri, wato ɗaya bisa ɗari.

Shi kuwa desimal gaba ɗaya ni na tsaya a kan kason goma-goma. Dalili, daga jin sunan yaro ya san kaso ne shi ma, ɗan gidan su rabi da sulusi, bambancin kawai shi ba a kasa shi sai goma, ko goma sau goma, ko goma sau goma sau goma. Sumuni da ake ba matar mamaci in akwai 'ya'ya, ɗaya bisa takwas, in ka mai da shi kason goma-goma sai ya koma 125 cikin 1000, ka rubuta 0.125. Abu ɗaya ne, rubutun ne ya canza.

Kuma sunan da kansa zai taimaka wajen bayanin da ya fi ba mu wahala, me ya sa sulusi ba ya ƙarewa, 0.333 har ƙarshen allo. Ai uku ba ta raba goma daidai, ba ta raba ɗari, ba ta raba dubu, kullum sai ɗaya ya yi saura. Ku tambayi dattawan da suka kashe tsohon kuɗi kafin naira ta shigo a 1973, sule lokacin kwabo 12 ne, mutum uku na raba shi kowa kwabo huɗu ba rigima, sisi rabinsa taro rubu'insa. Da aka koma naira mai kwabo 100 sule ya zama kwabo 10, sai a raba uku a ga kwabo ɗaya ya tsaya a tsakiya. Yaran yanzu ba su taɓa riƙe kwabo ba, don haka ni da mitar gidan mai nake musu misali, lita 2.5 ai lita biyu da rabi ce.

Masu cewa sunan ya yi tsawo, na ji, amma in an saba a aji goma-goma kawai za a riƙa cewa, mai da shi goma-goma, mai da shi kaso. Don Allah ku gwada a ajinku wannan satin ku dawo ku faɗa mana yadda yara suka karɓa. Saura irin su 0.333 ɗin nan da 0.1666 na sudusi, ni mai maimaici nake ce musu, in akwai mai wanda ya fi shi ya kawo.