Majalisar karatu ta ido da ido: me ke raya ta, me ke kashe ta?

Baban Nana:
Assalamu alaikum. Matasan unguwa na son kafa majalisar karatu, wadda za a zauna da littafin takarda a karanta a tattauna, a ajiye waya gefe. An sha fara irin wannan da zafi, wata biyu ta mutu murus. Waɗanda suka san kan abin, don Allah a yi mana bayani dalla-dalla.

Malam Na-Zaure:
Wa alaikumus salam. Ku ɗauki tsarin karatun zaure, don an daɗe da gwada shi. Mutum ɗaya ya ja baƙi da ƙarfi, saura suna bi da ido, a tsaya inda magana ta cika a warware ta. Kada ku wuce mutum 12. Da an haura haka majalisa kan rabu biyu, na baya su buɗe tasu hirar. Ƙasa da 5 kuma, ranar da biyu suka yi uzuri zama ya watse.

Lokaci mafi dacewa shi ne bayan la'asar zuwa kiran magariba, domin kiran sallar ne zai tashe ku, ba sai wani ya ce a tashi ba. Shafi 10 zuwa 15 ya isa a zama ɗaya: kamar minti 25 na karatu, sauran na tattaunawa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ce kowa ya karanto babi a gida. Mutum uku za su karanta, sauran kunya ta hana su zuwa mako mai zuwa. A karanta a wurin, kowa ya ji da kunnensa.

Amfanin takarda a nan a fili yake. Idan gardama ta tashi sai a ce shafi na 40, layi na uku, kowa ya ɗora yatsa a wuri ɗaya. Kuma mai jan baƙi idan ya karya kalma, ko ya tsallake lanƙwasar ƙ da ɗ ma'ana ta sauya, nan take za a gyara masa cikin mutunci. Wannan gyaran ba a samun sa a rukunin WhatsApp.

Maman Ummi:
Allah ya gafarta Malam, a ɓangaren mata la'asar ba ta yiwuwa, lokacin ɗora tukunyar dare ne. Hantsin Asabar ya fi, daga ƙarfe 10 zuwa azahar. Batun waya kuma, kada a ce a kashe ta, uwa ba za ta natsu ba alhali ta bar yara a gida. A rufe ƙararta, a kife su duka a faifai ɗaya a tsakiya, a wakilta mutum ɗaya ta duba idan kira ya shigo. Wadda aka kira ta fita waje ta amsa.

Abin da ya fi cin majalisa shi ne aro. Masu hayar littattafan Hausa na da sukan rubuta kafin su bayar da littafi, ku yi koyi da su. A samu littafin rubutu mai shafi 80, a ja layi biyar: suna, sunan littafi, ranar ɗauka, ranar dawowa, sa hannu. Wa'adi mako biyu, littafi ɗaya ga mutum ɗaya. Doka mafi muhimmanci ita ce ba a aro a kan aro. Littafi ba ya ɓata a hannun wadda ta ɗauka, a hannun ƙanwar mijinta yake ɓata.

Mai Ɗaurin Littafi:
Hajiya ta yi gaskiya. Ni bari in yi maganar ajiya, don gara takan cinye kwali guda ta ciki, bangon waje na nan lafiya lau, sai an ɗaga a ga ƙasa tana zuba. Kantar littattafai ta tashi daga ƙasa aƙalla bulo ɗaya, kuma a bar tazarar tafin hannu tsakaninta da bango, musamman ginin ƙasa. Duk wata a janye ta a duba ko gara ta ja hanyarta. A sa ƙwayar kafur a lungunan kanta, nesa da hannun yara, ko busasshen ganyen darbejiya. Ɗanye yana bar wa takarda tabo.

Da damina kada a ƙulle littafi a leda, danshi ne zai taru ya yi funfuna. Wanda ruwa ya taɓa a tsayar da shi a buɗe a inuwa mai iska. Rana tana nannaɗe takarda, ta busar da gam ya farfashe. Idan shafuka sun fara zubewa, a guji salatif, bayan 'yan shekaru yakan yi ja ya ci rubutun. A huda gefe wuri uku, a ɗinke da zare mai kauri, a shafa farin gam na kafintoci siriri, a danne da abu mai nauyi ya kwana.

Ɗan Autan Majalisa:
Yayyena, littafi fa ya yi tsada, a waya kuwa kyauta ake turowa.

Malam Na-Zaure:
Ɗana, ba sai kowa ya mallaki nasa ba. Kwafi uku sun ishi mutum 10, uku ko huɗu su haɗa kai a kan ɗaya. A yi karo-karo duk zama, abin da bai fi kuɗin katin waya ƙarami ba, a saya daga kanti ko hannun marubucin. Da yawa daga cikin abin da ake turowa kyauta ba da izinin mai shi ba ne, haƙƙi ne.

Saura abu ɗaya, Baban Nana: mai cinye magana. Kowace majalisa tana da shi, kuma yawanci shi ya fi kowa karatu, shi ya sa ake jin nauyin tsayar da shi. Maganinsa a fara zagaye daga mafi ƙarancin shekaru, kowa minti biyu, shi ya zo a ƙarshe. Jagorancin zama kuma ya riƙa zagayawa duk mako, a rubuta jerin sunayen a bangon baya na littafin aro.