Shin Chrome Ce Ta Fi Kowace Burauza Tsaro? Muhawarar Kwamitin Ɗakin Kwamfuta a Aboabo, Kumasi

Sakataren kwamiti: Assalamu alaikum. Malamin da ke kula da ɗakin kwamfuta na makarantarmu ya kawo shawarar a goge duk wata burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet, daga kwamfutocin da aka ba mu sadaka, a bar Chrome kaɗai, domin a ganinsa ita ce mafi tsaro. Tunda a nan ne iyaye ke duba sakamakon WAEC na 'ya'yansu, ɗalibai kuma ke cike takardun neman shiga jami'a, Alhaji, shugaban kwamiti, ya ce a ji ta bakin kowa kafin a yanke hukunci.

Malamin kwamfuta: Wa alaikumus salam. Ba son kamfanin Google ne ya sa na faɗi haka ba. Tun 2018 Chrome ta kwamfuta take killace kowane shafi a sashensa, ta yadda mugun shafi ba zai iya leƙa abin da mutum yake yi a shafin bankinsa ba, ita kuwa Firefox sai a ƙarshen 2021 ta kawo irin wannan tsari. Ga shi kuma masu gina shafuka da Chrome suke fara gwada aikinsu, saboda haka an fi samun fom ya buɗe daidai a cikinta. Wanda ya taɓa zama da uban yaro a ranar ƙarshe ta rufe fom, shafi ya ƙi karɓar hoto, ya san cewa wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Mai gyaran waya a Adum: Malam, Allah ya ƙara sani, amma akwai gyara. Edge da Opera da Brave da Samsung Internet duk a kan Chromium aka gina su, wato tushen da Chrome kanta take kai. Opera ta koma can a 2013, Edge kuma a 2020. Kamar motocin haya ne a tashar Kejetia, kowace da fentinta da rubutun da ke goshinta, amma in ka buɗe gaba inji ɗaya ne. Idan aka gano ɓaraka a wannan injin, yawanci ta shafe su duka, bambancin kawai shi ne wa ya riga toshewa. A watan Satumban 2023 ma an gano wata a tsarin karanta hotunan WebP, wadda buɗe hoto kawai kan iya ba maƙetaci hanyar shiga na'ura, kuma har Firefox ba ta tsira ba. Abin da nake gani kullum a kan teburina shi ne wayar da mai ita ya kashe sabuntawa don kada a cinye masa data, burauzarsa ta yi shekaru ba a taɓa ta ba, yana kuma alfahari cewa da Chrome yake aiki.

Hajiya mai shagon MoMo (tura kuɗi ta waya) a Asawase: Ɗana, ka taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Matan da ke zuwa wurina da kuka, ban ga wadda wani gwanin kutse ya fasa wa burauza ba. Sanarwa ce take faɗo wa mace a saman waya cewa ta ci kyauta, ta latsa, shafi ya buɗe da launin kamfanin waya da tambarinsa, ta rubuta lambar sirrinta da hannunta. In na karɓi wayar sai in tarar da sanarwa jere a kan juna, daga shafukan da ta ba izini ba tare da ta san ta bayar ba. Ina son a gaya mini burauzar da ke rage wannan tarkace, kuma a gaya mini matsayin Opera Mini, domin ita mafi yawansu suke riƙe da ita saboda tsadar data.

Ɗaliba a jami'ar KNUST: Mama, Opera Mini tana rage cin data ne domin shafin yana fara biyawa ta manyan kwamfutocin kamfanin, a matse shi, sannan ya iso waya. A matakin matsi mafi tsanani, kullen da ke tsakanin wayarki da shafin yana buɗewa a hannun kamfanin kafin a sake kulle shi, don haka ta dace da karanta labarai, amma ban ba kowa shawarar shiga banki da ita ba. Game da tarkacen talla kuwa, a nan ne hujjar Malam take da rauni. Google ta canza ƙa'idar ƙananan manhajojin da ake liƙa wa Chrome zuwa Manifest V3, abin da ya sa cikakkiyar uBlock Origin, manhajar tare talla, ta daina aiki a cikinta, alhali tana nan daram a Firefox, har a wayar Android. Kamfanin da mafi yawan kuɗinsa daga talla yake fitowa, ba shi za a ba amanar tare talla ba. Kada kuma a ruɗu da Incognito, wato yanayin sirri na Chrome: a 2024 Google ta amince ta goge ɗimbin bayanan da ta tara a kan masu amfani da shi, domin a kashe wata ƙara da aka kai ta a Amurka.

Malamin kwamfuta: 'Yata, kin haɗa abu biyu, sirri daban, tsaro daban. Na yarda Firefox ta fi rufa wa mutum asiri daga masu bibiya, amma tambayar ita ce wace ce ta fi wuyar fasawa. Kuma ita ma tana da nata tuntuɓen: a watan Mayun 2019 wata takardar shaida ta Mozilla, mai Firefox, ta ƙare ba a sabunta ba, aka wayi gari ƙananan manhajojin mutane sun mutu a faɗin duniya, har da masu tare tallan. Sannan kaso mafi girma na kuɗin Mozilla daga Google ɗin yake zuwa.

Mai gyaran waya a Adum: Malam, kafin a yi nisa, wane Windows ne a kan kwamfutocin nan? Na ga wasunsu ranar da aka sauke su, kuma Windows 7 ne. Chrome 109, wadda ta fito a Janairun 2023, ita ce ta ƙarshe da ke hawa kansa, ma'ana duk ɓarakar da aka gano bayan Google ta janye hannunta tana nan a buɗe. Mozilla ta ci gaba da aiko wa Firefox 115 gyara a kan Windows 7 bayan wannan lokaci, ko da yake shi kansa Windows 7 ɗin Microsoft ta sallame shi tun Janairun 2020.

Alhaji, shugaban kwamiti: To, ashe muna gardamar abin da za a bari ne ba mu san abin da na'urorin za su iya ɗauka ba. Malam, ka ba wannan yaro mai gyaran waya mabuɗi ranar Asabar bayan La'asar ya duba kowace ɗaya, ya rubuto mana wadda za ta karɓi sabon tsari da kuma sidi nawa za a kashe. Kada a goge komai kafin nan.

Hajiya mai shagon MoMo a Asawase: Alhaji, a ƙara da wannan: duk burauzar da aka zaɓa, a hana ta ajiye kalmar sirri, domin na ga yaro ya zauna ya tarar da akwatin saƙon wanda ya tashi a buɗe.

Malamin kwamfuta: Wannan za a yi shi gobe, in sha Allahu. Amma a kan kwamfutocin da suka karɓi sabon Windows, ina nan a kan bakata cewa Chrome za a sa, kuma ina jiran ɗalibarmu ta kawo hujjar fasawa, ba ta talla ba.