Kuɗin Dikoda a Karkara: Gwamnati Ta Ƙayyade Ko A Bar Kasuwa Ta Yi Halinta?

Malamin Firamare, Soba: Assalamu alaikum jama'a. Ga magana na kawo, mai ja ya fito. Ni a ganina zalunci ne a ce mutumin ƙauye yana biyan kuɗin dikoda daidai da mai gida a Malali ko Unguwar Rimi a birnin Kaduna. Kamata ya yi gwamnati ta ƙayyade farashi, kuma ta ware wa karkara nata mai sauƙi. MultiChoice, masu DStv da GOtv, sun yi ƙari a watan Mayun 2024, shekara ba ta zagayo ba suka sake ranar 1 ga Maris 2025. Tsarin Compact na DStv ya tashi daga naira 15,700 zuwa 19,000 a wata, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake 70,000. Manomi kuwa ko albashin ba shi da shi, nasa sai kaka.

Alhaji Mai Atamfa, Kasuwar Bacci: Wa alaikumus salam Malam. Na ja. Talabijin ba masara ba ce, ba magani ba ce, wanda bai iya ba ya kashe kayansa ya kwanta. Kuma ka tambayi duk mai shigo da kaya: kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Ƙwallon Ingila da kuke kallo da kuɗin waje ake sayen izinin nuna ta. Ku yara ne a 1984, mu mun ga ƙayyade farashi da idonmu. Soja ya tsaya a bakin shago da bulala ya ce ga yadda za a sayar, washegari madara da sabulu suka ɓace, aka koma bin layi tun asuba.

Malamin Firamare, Soba: Alhaji, Allah ya ƙara girma, amma madara ana ɓoye ta a sito. Tasha a wane sito za a ɓoye ta?

Alhaji Mai Atamfa, Kasuwar Bacci: A cire ta daga tsarin da ka saya mana, Malam. Ka biya araha ka samu tashoshi biyar na talla.

Barista, Barnawa: Ku ba ni wuri kaɗan. Hukumar NBC, wadda aka kafa a 1992, ita ke ba da lasisi tana kuma sa ido kan abin da ake watsawa. Kare mai saye aikin hukumar FCCPC ne, ƙarƙashin dokar 2018. Da aka yi ƙarin 2025 FCCPC ta ce a dakata, magana ta je Babbar Kotun Tarayya a Abuja. A watan Mayun shekarar Mai Shari'a James Omotosho ya ce hukumar tana da ikon bincike, amma ba ta da ikon yanke farashi sai Shugaban Ƙasa ya ba ta wannan hurumin, don shi doka ta bai wa. To Malam, ƙofar da kake bugawa ba a hannun hukumar mabuɗinta yake ba.

Malamin Firamare, Soba: Madalla Barista, ka ma taimake ni. Ashe mabuɗin yana nan, amfani da shi ne ba a yi ba. A Janairun 2025 kamfanonin waya sai da suka nemi izinin hukumar sadarwa ta NCC kafin su ƙara kuɗin kira da data, aka ba su kashi 50 cikin ɗari, ƙasa da abin da suka nema. Me ya sa na waya zai yi sallama kafin ya shigo, na dikoda ya faɗo gida kai tsaye?

Maman Biyu, Kauru: Ku yi haƙuri in sa baki. Duk kuna ta maganar nawa ne, ni ciwona kwana nawa ne. Bara da damina na sa kuɗin wata ranar Talata, ranar Alhamis aradu ta faɗa wa taransifomar unguwarmu. Kwana ashirin da uku muna cikin duhu kafin a gama karo-karo a gyara. Da wuta ta dawo yara suka yi ihu suka kunna, kwana biyar kacal muka mora, allo ya rufe, wai kuɗi ya ƙare. Na biya talatin na kalli bakwai. Ku tuna Oktoban 2024 ma, da layukan wuta suka lalace Arewa ta fi mako a duhu, agogon dikoda bai tsaya ba.

Na biyu kuma ya fi ci mini rai. Surukata ba ta karatun boko, amma ta haddace lambar tasharta ta Hausa, bayan isha'i za ta jawo tabarma ta danna da kanta. Wata rana ta danna, sai rubutun Turanci ya fito. Ta ɗauka ita ta lalata, ta ɓoye rimot a ƙarƙashin filo kwana biyu tana jin kunyar faɗa. Ashe kamfanin ne ya ɗauke tashar ya mayar tsari na sama, ana tsakiyar wata, ba saƙo ba sanarwa. Na kira su, danna ɗaya, danna biyu, har katina ya ƙare ban ji muryar mutum ba.

Alhaji Mai Atamfa, Kasuwar Bacci: Subhanallahi. Hajiya, wannan kam ko a kasuwa ba ciniki ba ne. In na sayar miki turmi shida ba na bin ki gida in ɗauke ɗaya. Nan ina tare da ke, kodayake wutar ba su suka ɗauke ba.

Mai Ɗaura Dish, Maraban Jos: Malam, da girmamawa, shekarata goma sha ɗaya a kan rufin mutane, kuma farashin karkara da kake so ba zai yi mako ba. Tauraron ɗan'adam sigina ɗaya yake zubowa kan kowa, kamar ruwan sama. Dikoda karɓa kawai take yi, ba ta mayar da labari, kamfani bai san tana Pambegua ko tana Kawo ba. Ranar da aka ce ƙauye rabin kuɗi, kowa a garin nan zai tuna yana da kawu a Kubau, a yi rajista can a ɗauro ta a babur. Ni kaina za a ba aikin.

Shi ya sa ma "biya iya abin da ka kalla" da 'yan majalisa suka sha kira a kai yake da wuya, na'urar ba mita ba ce. Amma abin da Maman Biyu take nema mai sauƙi ne. Yadda suke rufe ka daga ofis in kuɗinka ya ƙare, haka za su iya tsayar maka da lissafi in ka danna lamba a waya. Kamfanin dikoda na StarTimes ai suna sayar da na kwana ɗaya da na mako.

Barista, Barnawa: Kuma wannan ba ƙayyade farashi ba ne, sharaɗin ciniki ne. Sanarwa kafin a taɓa tasha, cikin harshen da mai biya yake ji, da damar dakatar da wata. Wannan hanyar ba ta bi ta kan hukuncin da na ambata ba.

Malamin Firamare, Soba: Na karɓi ta babur, ban tuna da halinmu ba. Amma ban janye ba gaba ɗaya. Ɗan birni yana da zaɓi: dikodar eriya mai araha, ko tsarin tashoshin kyauta na FreeTV da aka ƙaddamar a Kaduna a Disambar 2017. Mu da muke nesa da turakun watsawa ko ka ɗaure eriya a gora biyu sai allo ya riƙa daskarewa, dole sai dish. Wanda ba shi da zaɓi Alhaji yake ce wa kasuwa za ta yi masa adalci.

Mai Ɗaura Dish, Maraban Jos: Akwai na kyauta a dish ɗin ma, Malam. Arewa24 tun 2014 ake kama ta ba kuɗin wata, ga tashoshin wa'azi da na Makka da Madina. Rabin gidajen da nake wa aiki yanzu shi suke sawa. Ƙwallo ce dai babu.

Mai Gidan Kallo, Saminaka: To ƙwallon ita ce abincina. Benci goma sha biyu gare ni, naira ɗari biyu kowane kai, yara kuma suna leƙe ta hudar kwano kyauta, na gaji da kora. Wallahi tun da aka cire tallafi a 2023 janareto ya fi dikoda cin kuɗina. A Yuni da Yuli kuwa da Firimiya take hutu, benci sai ƙura. Da za a ba ni damar tsayar da lissafi ko sayen Asabar da Lahadi kaɗai, da na yafe wa Malam raginsa.

Malamin Firamare, Soba: Kai ka yafe, ni ban yafe ba. Barista, in mutum zai rubuta wa FCCPC ƙorafi, suna karɓa da Hausa?

Barista, Barnawa: Rubuto da Hausar, ni zan juya maka. Maman Biyu, in kina da rasit ko saƙon biyan nan na damina, adana shi.

Mai Gidan Kallo, Saminaka: Mai Dish, tunda kana kusa, iskar jiya ta karkatar mini da nawa, kuma akwai wasa ƙarfe biyar da rabi. Ka taho da tsaninka, nawa an ara ba a dawo da shi ba.