Rage kuɗin agaji daga waje: ta ina zai fara taɓa yaranmu a jihar Tawa?

Ba'adare:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Tambaya gare ni a madadin kwamitin da ke kula da likitar ƙauyenmu. Kullum rediyo na faɗin Amurka ta rufe hukumarta ta agajin waje, USAID, Ingila da Jamus sun rage kuɗin agaji. Shin biskit ɗin tamowa da ake ba yara a CRENAS, sashen likita da ke kula da masu tamowa mai tsanani ba tare da kwanciya ba, cikin wannan kuɗin yake fitowa? In haka ne, yaushe abin zai iso gare mu, kuma mi kwamiti zai iya yi kafin damana? Masu sanin aikin ku taimaka mana.

Mai Magazan:
Wa alaikumus salam, Malam. E, mafi yawan biskit ɗin UNICEF ke saye da kuɗin ƙasashe masu bada tallafi, kuma kafin ragin Amurka ce ta fi kowa zubawa. Ranar 20 ga Janairun 2025 shugaba Trump ya dakatar da agajin waje na kwana 90, a watan Maris aka ce an soke kashi 83 cikin ɗari na ayyukan USAID, ranar 1 ga Yuli aka rufe ta, sauran ayyukan suka koma ma'aikatar harakokin wajensu. Ingila ta ce za ta sauko daga kashi 0.5 zuwa 0.3 na arzikin ƙasa kafin 2027 don ta ƙara wa soja. Jamus ta zabge kusan rabin kuɗinta na agajin gaggawa. Shi ya sa OCHA, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai tsara agajin gaggawa, da ta nemi sama da dala miliyar 40 don shekarar 2025, ta dawo a watan Yuni ta ce ko miliyar 29 a samu.

Abin da mutane ba su lura da shi ba, kuɗi ba ya yankewa yau kwali ya ƙare gobe. Tsakanin oda da isowar kaya magazan gunduma ana yin watanni. Wanda ya biyo ta teku kuwa, tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 sai ya sauka Lome ya ratso Burkina da rakiya, tafiya ta ƙaru, kuɗin mota ya ƙaru. To kuɗin da ba a saka ba a Janairu, a Agusta ake ganin ramin da ya bari, daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma masassara ta yi yawa. Alhamdu lillahi akwai kamfanin STA nan Yamai da ke yin Plumpy'Nut, wato shi biskit ɗin, wannan yana rage dogon jira, amma shi ma sai an biya shi, kuma garin madarar da ke ciki daga waje yake zuwa.

Kuma ba biskit ke fara yankewa ba. Abin da ke fara tafiya shi ne ɗan alawus na masu zagaye gida-gida, da man babur, da kuɗin ɗauko kwali daga gunduma zuwa likita, sannan tallafin PAM, hukumar cimaka ta duniya, ga yara masu tamowa matsakaiciya. Sai ka iske kaya na nan jibge a babban magazan, ƙauye babu ko ƙunshi ɗaya.

Majo Inna:
Ba'adare, ɗan uwana, ga lissafin da kwamitinku zai riƙe. Kwali ɗaya ƙunshi 150 ne, kowane ƙunshi giram 92, ƙarfinsa kalori 500. A ƙiyasi kwali ɗaya ke warkar da yaro ɗaya cikin sati shida zuwa takwas. Ku zauna da majonku ku buɗe rajistar bara, ku ƙidaya sabbin yaran da aka karɓa a Yuli, Agusta da Satumba. In 40 ne kowane wata, kwali 40 kuke buƙata kowane wata, ku ɗora na wata guda a kai don ajiya. Da zarar abin da ya rage ya kai na sati huɗu, a rubuta wa gunduma, kada a jira sai shiryayye ya zama wayam. In mota ce matsala, nan ne aljihun kwamiti zai yi amfani: hayar amalanke ko kabu-kabu zuwa gunduma ba ta kai ran yaro ba.

Ajiya ma tana cin kaya. Kwali a kan katako, nesa da bango, ɗaki mai iska, wanda zai fara lalacewa shi za a fara bayarwa. Zafin rufin kwano na watan Afrilu yana raba man da ƙullun, ɓera kuma yana huda ƙunshi.

Sai babban abin, wanda ba ya buƙatar dalar kowa: igiyar awon dantse a hannun uwa. Yaro daga wata 6 zuwa shekara 5, hannun hagu a sake, tsakiyar tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, ba a matse ba a sassauta. In awon ya faɗa kan launin ja na igiyar, wato ƙasa da milimita 115, tamowa mai tsanani ce, a kawo shi ranar. Rawaya, 115 zuwa 125, ya fara shiga. A kuma danna bayan ƙafafunsa biyu da babban yatsa daƙiƙa uku. In rami ya zauna a duka biyun, kumburi ne, ko da igiya ta nuna tsanwa. Yaron da aka gano da wuri yana cin biskit a gida. Wanda aka makara har ya daina ci, ko yana amai, ko numfashi ya ɓaci, sai CRENI, sashen asibiti na masu tamowa, da madarar magani ta F-75 da kwanciya, kuma can ne ake rasa su.

Abu biyu nake roƙo ku faɗa a masallaci da wurin suna. Biskit magani ne na yaro ɗaya. In aka raba wa ƴan uwansa ko aka kai kasuwa, sati takwas ya koma sha biyu, kwali ɗaya ya koma biyu. Na biyu, kada a ce za a haɗa shi a gida da tunkuza da sukari. Babu sinadaran da ke cikin na ainihi, kuma gujiyar da ta yi funfuna tana da dafin da ke lalata hanta. Kunun hatsi da garin wake da gujiya mai kyau da garin zogale yana da amfani sosai don rigakafi da ga yaron da ke rawaya, amma ba ya maye biskit ga wanda ke ja.

Ba'adare:
Allah shi saka, Inna. To gomnati fa? Hatsin OPVN ba zai cike gurbin ba?

Ɗan Keita:
Zai cike wani gurbin, ba wannan ba. OPVN hatsi take ajiyewa, gero da dawa da masara da shinkafa, don saidawa da rahusa da rabon kyauta lokacin da cimaka ta yi wuya, Yuni zuwa Agusta. An daɗe ana saida buhun kilo 100 jika 13 a wannan tsari, ana aunawa da tiya don ya kai ga talaka. Wannan yana riƙe gida, amma ba ya warkar da yaro mai tamowa.

Yadda ake shiga lissafin masu samun agaji shi ya kamata ku sani. Sau biyu a shekara, Nuwamba da Maris, ake zaman awon halin cimaka da ake kira Cadre Harmonisé, inda ake jera yankuna mataki 1 zuwa 5 bisa tsananin yunwa, kuma daga mataki na 3 ake shirya agaji. Bayanan daga ƙasa suke hawa: kwamitin ƙauye zuwa OSV, masu sa ido kan halin cimaka a komin, zuwa gunduma, zuwa SAP, hukumar ƙasa mai gargaɗi tun da wuri. Da can FEWS NET, tsarin Amurka na hangen yunwa, na taimakawa da nasa awon. An rufe shi farkon 2025 na tsawon watanni kafin ya dawo. Yanzu da kuɗi ya yi kaɗan, ƙauyen da bai aika da rahoto ba kamar babu shi ne. Ku rubuta farashin tiyar gero kowace ranar kasuwa, da buhu nawa ake samu in an saida tunkiya, da gidaje nawa maza suka tafi cin rani tun kafin lokaci. Ku kai wa komin a rubuce, da kwanan wata.

Bankin cimaka kuma a cika shi lokacin kaka, Oktoba zuwa Disamba, sa'ad da hatsi ke araha. Abin da ke kashe bankunan nan bashi ne da ba a biya, da buɗe ƙofa tun Maris. Makulli biyu a hannun mutum biyu, kaye guda, kuma ba a buɗewa sai Yuni. Garuruwan da suka karɓi baƙi, kamar Bangi da ƴan gudun hijirar Najeriya ko Tiliya da na Mali, su ƙara a lissafinsu, don in rabon baƙo ya ragu tukunyar mai masauki ce ke ɗauka.

Majo Inna:
Na manta da ɗaya, kuma shi ya fi damuna. Maganin rigakafin masassarar cizon sauro da ake ba yara daga wata 3 zuwa shekara 5, sau ɗaya kowane wata daga Yuli zuwa Oktoba, a jihohin Tawa da Doso shirin PMI na Amurka, mai yaƙi da wannan masassarar, shi ne ya daɗe yana tallafa masa, kuma masu rabon su ne ke auna dantse ƙofa-ƙofa. Tun watan Mayu ku tambayi gunduma ranakun zagaye. Kowane zagaye kwana uku ne: na farko gaban mai rabo, biyun da suka rage uwa ce ke bayarwa a gida. Ku sa mace ɗaya kowace unguwa ta bi gidaje rana ta biyu da ta uku ta ga an sha.